Na'urorin Tantance Ƙurar Iska Gwargwadon Girma: Wacce Ta Dace Da Hunturun Sakkwato?

Kusan dukkan na'urorin da ake ɗaukar samfurin ƙurar iska da su an ƙera su ne a Amurka da Turai, inda abin da ya fi damun hukumomi shi ne hayaƙin motoci da na masana'antu, wato ƙananan ƙwayoyi masu laushi waɗanda ke yawo cikin iska mai ɗan laima. Abin da muke shaƙa a Sakkwato daga Nuwamba zuwa Maris ya sha bamban da haka. Kaso mai yawa na hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi busasshen tabon tsohon tafki ta nufo kudu maso yamma da shi. Ƙura ce busasshiya, mai tauri, mai manyan ƙwayoyi, kuma tana isowa a lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A kanta ne hayaƙin itacen girki da na ƙona shara da na janareto da na 'yan kabu-kabu ke hawa, ga kuma ƙurar titunan da ba su da kwalta a cikin unguwanni. Na'urar da ta yi fice a Landan ko a Los Anjeles tana iya ba da lambobi masu kyawun gani a unguwar Runjin Sambo ta Sakkwato alhali ba su da alaƙa da abin da ke cikin iskar, kuma da wannan ma'aunin zan duba kowacce daga cikinsu.

Dalilin da ya sa ake rarrabe ƙura gwargwadon girma sananne ne ga ma'aikatan lafiya. Ƙwayar da ta haura maikiron 10 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) yawanci a hanci da maƙogwaro take tsayawa, wadda ke ƙasa da haka tana gangarawa cikin bututun numfashi, wadda kuma ba ta kai maikiron 2.5 ba tana iya isa can cikin huhu. Daga nan sunayen PM10 da PM2.5 suka samo asali, wato ƙurar da ba ta wuce maikiron 10 ba da wadda ba ta wuce 2.5 ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara shawararta, ta ce matsakaicin PM2.5 na awa 24 kada ya wuce maikirogiram 15 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin dubu na miligiram) a kowace kubik mita ta iska, na PM10 kuma kada ya wuce 45. Tashar bincike ta Banizumbu da ke gabas da Yamai a Jamhuriyar Nijar, wadda ke auna PM10 tun shekarar 2006 kuma ita ce ta fi kama da yanayinmu a cikin tashoshin da suka daɗe suna aiki, takan ga ranakun da adadin ya haura 1,000. Wanda ke nazarin asma, ko alaƙar ƙura da sanƙarau a wannan yanki da cutar ta saba addaba lokacin rani, ba jimillar nauyi kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar ya san nawa ne daga cikin nauyin ya fito daga hamada, nawa ne kuma ya fito daga murhu da salansa.

Na'urorin sun kasu gida biyu. Akwai masu kama ƙurar a kan filta ko faranti domin a kai ta ɗakin gwaje-gwaje a auna, akwai kuma masu haska ta da lesa su ba da lamba nan take. Zan fara da na farkon, domin su ne alƙalai, da su ake gyara na biyun.

Impakta mai hawa-hawa ita ce uwar wannan fanni, kuma wani masani ɗan Ingila mai suna K. R. May ne ya fara bayyana ta a shekarar 1945. Famfo yana zuƙo iska ta cikin ƙananan ramuka, ta fito da gudu ta tunkari wani faranti, sai ta kauce ta gefensa ta wuce hawa na gaba. Ƙwaya mai nauyi ba ta iya yin wannan kwana, sai ta daki farantin ta zauna, mai sauƙi kuwa ta bi iska ta wuce. Aikin ya yi kama da shiƙar hatsi, inda tsaba ke zuba a faifai ƙaiƙayi ya bi iska. Ramukan kowane hawa sun fi na samansa ƙanƙanta, saboda haka gudun iskar yana ƙaruwa, abin da ake kamawa yana ƙara ƙanƙancewa, har a isa filtar ƙarshe wadda ke tare duk abin da ya rage. Abu guda da masu saye ke yawan mantawa shi ne cewa girman da kowane hawa ke yankewa ya dogara ne kacokan a kan yawan iskar da famfo ke zuƙa. Idan zuƙar ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, girman da ake yankewa yana ƙaruwa da kusan kashi 5, don haka impaktar da ba a tabbatar da zuƙarta da ma'aunin iska mai inganci ba, kafin aiki da bayansa, sakamakonta abin shakka ne komai tsadarta.

Ta kamfanin Andersen mai hawa takwas ita ce aka fi sani. Tana aiki da lita 28.3 a minti ɗaya, tana yankewa daga maikiron 9 a sama, ta bi ta 5.8 da 4.7 da 3.3 da 2.1 da 1.1, har zuwa kusan 0.4 a ƙasa. Alherinta ga mai aiki a Sakkwato shi ne rabin hawayenta suna cikin ɓangaren manyan ƙwayoyi, wato inda ƙurar hunturu ta fi taruwa, sannan ƙarfe ne zalla, babu wani abin lantarki a jikinta da zafi zai lalata. Nauyi gare ta, tana buƙatar famfo mai cin wuta, kuma wanke ta tsakanin samfuri da samfuri aiki ne na haƙuri. Tana da 'yar'uwa mai hawa shida, wadda A. A. Andersen ya bayyana a 1958, da ake sanya wa faranta masu abincin ƙwayoyin cuta domin a ga irin bakteriya da fumfunar da ke yawo a iska. Wannan ta masu nazarin ƙananan halittu ce, kuma wanda ke neman nauyin ƙura kada ya ruɗe ya yi odarta saboda kamannin suna.

Impaktar MOUDI, wadda Virgil Marple da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Minnesota kuma yanzu kamfanin TSI ke sayar da ita, ita ce ta fi kowace iya yanka. Tana zuƙar lita 30 a minti ɗaya, samfurinta mai hawa goma yana yankewa daga maikiron 18 a bakin shiga, ya sauko ta 10 da 5.6 da 3.2 da 1.8 da 1, har ya kai 0.056. Nau'in da ke juyawa yana shimfiɗa ƙurar daidai a kan fallen alminiyam maimakon ya tara ta tsibi-tsibi a ƙarƙashin kowane rami, abin da ke taimakawa wajen gwajin sinadarai kuma yake jinkirta cikar faranti. Idan tambayar mai bincike ita ce a wane girma ne sinadarin salfa ko baƙin hayaƙi ya fi taruwa, babu wadda ta kai ta. Amma ramukan hawayenta na ƙasa sun fi gashin kai siranta, suna da yawan gaske, kuma iska mai ɗauke da ƙura irin tamu tana iya toshe su sannu a hankali ba tare da mai aiki ya lura ba sai ya duba matsin iska. Famfonta babba ne, wutar gari ko janareto yake so, kuɗinta kuma dubban daloli ne masu yawa kafin a yi maganar kwastan. Sashen jami'a da ke da kuɗin bincike na haɗin gwiwa da ƙwararren ma'aikaci mai kula da ita zai amfana, amma ban ga hikimar sayenta a matsayin na'ura ta farko ba.

A ɗaya gefen akwai ƙaramar impakta ta Sioutas, wadda kamfanin SKC ke sayarwa, mai ɗauke da sunan Constantinos Sioutas na Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Tana shiga tafin hannu, ana maƙala ta a ƙirjin mutum, famfonta mai batir yana zuƙar lita 9 a minti ɗaya. Hawayenta huɗu ne, 2.5 da 1 da 0.5 da 0.25, sai filtar ƙarshe. Don sanin abin da ɗan kabu-kabu ke shaƙa tsakanin Dandima da babbar kasuwa, ko mai tuyar ƙosai a bakin murhu, ko ma'aikacin da ke loda siminti a Kalambaina, ita ce ta dace, domin tana bin mutum duk inda ya shiga. Rauninta a wurinmu a bayyane yake daga waɗannan lambobin: duk abin da ya haura maikiron 2.5 a faranti ɗaya yake taruwa, wato ƙurar hamada kusan gaba ɗayanta tana afka wa ƙaramin faranti mai faɗin milimita 25, ya cika tun rana ba ta yi tsaka ba. A ranar hazo mai ƙarfi dole a gajarta lokacin ɗauka ko a sa mata abin da zai tare manyan ƙwayoyi tun daga bakin shiga.

Wannan ya kawo mu ga matsalar da ta shafi impaktoci ukun baki ɗaya, wadda a ganina ita ce mafi muhimmanci ga duk mai aiki a arewacin Nijeriya, kodayake takardun talla ba sa daɗewa a kanta. Lissafin impakta ya ginu ne a kan zaton cewa ƙwayar da ta daki faranti za ta manne. Ɗigon hayaƙi mai maiƙo yana mannewa, haka ma gishirin da ya sha laima, amma busasshiyar ƙwayar yashi mai tauri tana dukan farantin ta yi tsalle, iska ta sake ɗaukarta, ta sauka a wani hawa na ƙasa da ba nata ba, ko ta zarce har filtar ƙarshe. Sakamakon haka sai a ga nauyi mai yawa a ɓangaren ƙananan ƙwayoyi, mai bincike ya rubuta cewa PM2.5 ta yi tashin gwauron zabi, alhali yashi ne ya yi ƙaura. Ana gane hakan da ido ma: filtar ƙarshe da ya kamata ta yi baƙi ko toka-toka saboda hayaƙi sai ta fito da launin ƙasa. Tsallen yana ƙaruwa idan iska ta bushe, yana kuma ƙaruwa idan faranti ya riga ya cika, domin sabuwar ƙwaya ba a kan faranti take sauka ba, a kan 'yar'uwarta take sauka. Hunturun Sakkwato ya haɗa sharuɗɗan biyu a rana ɗaya.

Maganin da aka sani shi ne a shafa wa faranti siririn giris, irin Apiezon L ko feshin silikon, a bar shi ya sha iska kafin a auna shi. Yana aiki, amma yana da farashi. Giris yana ɓata gwajin sinadaran kabon, saboda haka wanda ke son rarrabe hayaƙin itace daga na man fetur ba zai yi amfani da faranti mai giris ba, sai dai ya gudanar da na'ura biyu a jere. Kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a inuwa, giris mara inganci yana iya malala ko ya rage nauyi, abin da ke sa auna faranti ya zama wasa da hankali. Shi ya sa nake ganin cewa a yanayinmu gajeren lokacin ɗauka, awa huɗu zuwa takwas a ranar hazo, ya fi awa 24 da littattafan koyarwa suka saba ambata, kuma dole a riƙa fita da faranta na shaida, waɗanda aka shafa wa giris aka kai fili aka dawo da su ba tare da an zuƙa musu iska ba, domin a san abin da hanya da zafi kaɗai suka ƙara ko suka rage.

Ba kowane bincike ne ke buƙatar hawa takwas ko goma ba. Mafi yawan tambayoyin da ɗalibai da jami'an muhalli ke yi a nan, rabuwa biyu ta ishe su, wato manya da ƙanana, kuma a nan ne na'urori biyu masu sauƙi suka cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce MiniVol ta kamfanin Airmetrics da ke jihar Oregon a Amurka. Tana zuƙar lita 5 a minti ɗaya ta cikin filta mai faɗin milimita 47, tana aiki da batir na tsawon yini da dare, tana da agogon da ake saita mata lokacin farawa da tsayawa, kuma ana rataye ta a jikin turken wuta ko a kan soro. Kan da aka ɗaura mata shi ke yanke ko PM10 za ta kama ko PM2.5, don haka mai son duka biyun a rana ɗaya sai ya mallaki guda biyu, ya cire nauyin ɗaya daga ɗaya ya sami na manyan ƙwayoyi. Ƙaramar zuƙarta abin ƙorafi ce a ƙasashen da iska ke da tsabta, domin a awa 24 kubik mita 7.2 kawai take ja. A wurinmu wannan ba aibi ba ne lokacin rani: idan iska na ɗauke da maikirogiram 500 a kubik mita, filta za ta tara miligiram 3.6, wanda ya wadatar. Da damina ne lissafin ke sauyawa, domin idan adadin ya sauko zuwa 20, abin da za a samu maikirogiram 144 ne kacal, kuma nan ne sikeli mai rauni ke tona asirin kansa. Ita ma kan da ake ɗaura mata yana da ɗan faranti mai giris a ciki, wanda dole a goge a sake shafawa akai-akai, kuma a hunturu ina ganin bayan kowane samfuri ya kamata a yi hakan. Ba ta cikin na'urorin da hukumar muhalli ta Amurka ke ɗauka a matsayin ma'auni na doka, amma batirinta kaɗai ya sa ta fi dacewa da garin da ba a iya dogara da wutar lantarki.

Ta biyu ita ce na'urar Gent mai filta biyu a jere, wadda aka tsara a Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta yaɗa ta a ƙasashe masu tasowa da dama. Bakin shigarta yana tare abin da ya haura maikiron 10, filta ta farko mai ramuka maikiron 8 tana kama manyan ƙwayoyi, ta biyu mai ramuka 0.4 tana kama ƙananan, kuma a zuƙar kusan lita 16 a minti ɗaya rabuwar tana faɗawa wajen maikiron 2.2. Babbar fa'idarta ita ce filtocinta sirara ne masu tsabta, sun dace da gwajin gano sinadarai ɗaya bayan ɗaya, kuma ana iya yin irin wannan gwaji a cikin ƙasa, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ko a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya mai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Da sakamakon irin wannan gwaji ne ake cewa silikon da alminiyam da ƙarfe daga ƙasa suka zo, fotasiyam mai yawa a ƙananan ƙwayoyi daga ƙona itace da ciyawa, kalsiyam da ya wuce kima kuma yana iya nuni ga farar ƙasa ko siminti. Aibinta sananne ne: filtocin suna saurin toshewa, kuma da zarar sun fara toshewa zuƙa ta ragu, rabuwar ta goce. A ranar hazo sai an sa mata agogon da zai riƙa kunna ta yana kashe ta, ko kuma a tsaya kusa da ita ana duba ma'aunin iska.

Sai na'urori masu lesa, waɗanda su ne ke jan hankalin mai saye saboda allon da ke nuna lamba kowane daƙiƙa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne ba nauyi suke aunawa ba, hasken da ƙwaya ta watsa suke aunawa, sannan su ƙiyasta girma da nauyi bisa wata ƙurar gwaji da aka saita su da ita a masana'anta. DustTrak DRX ta kamfanin TSI tana ba da PM1 da PM2.5 da PM4 da PM10 a lokaci guda, kuma an saita ta da ƙurar gwaji ta Arizona, wadda ƙurar ƙasa ce. Wannan ya sa ta fi kusa da gaskiya a ƙurar hamada fiye da yadda take a hayaƙi, inda bincike da dama suka nuna takan ninka adadin sau biyu ko uku. Matsalar Sakkwato ita ce iskarmu tana sauya hali cikin yini ɗaya: da rana ƙasa ce ta fi yawa, bayan magariba kuma hayaƙin girki da na shara ya kwanta a kan unguwanni, don haka lambar gyara guda ɗaya, wato adadin da ake daidaita sakamakon lesa da na filta da shi, ba za ta yi wa rana da dare adalci ba. Nau'in DustTrak na tebur yana da gurbin filta mai milimita 37 a ciki, kuma wanda ya saya bai yi amfani da wannan gurbi ya fitar da lambar gyara ta wurin da yake aiki ba ya bar rabin kuɗinsa a ƙasa.

Ta kamfanin Grimm na Jamus tana ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, tana rarraba su gida 31, daga kusan rubu'in maikiron zuwa sama da 30, da zuƙar lita 1.2 a minti ɗaya. Don ganin yadda surar girman ƙura ke sauyawa daga lokacin da hazo ya shigo gari zuwa lokacin da ya lafa, ita ce na fi so, domin tana kaiwa girman da na'urorin da na ambata a baya ba sa kaiwa. OPS 3330 ta TSI tana yin irin wannan aikin tsakanin maikiron 0.3 da 10. Dukkansu suna da iyaka: idan ƙura ta yi kauri, ƙwaya biyu kan shiga hasken tare a ƙirga su a matsayin babba guda, madubin ciki yana yin datti, kuma yawancin na hannu an ƙayyade musu zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 50 ba, wanda akwatin ƙarfe a kan soro a watan Afrilu yake zarcewa cikin sauƙi. Akwai kuma bambancin da ake yawan tsallakewa wajen kwatanta su da impakta. Impakta tana rarrabewa ne bisa yadda ƙwaya ke tafiya a iska, wanda nauyinta ke da hannu a ciki, lesa kuwa bisa yadda take watsa haske. Yashi ya fi ruwa nauyi sau 2.65, ƙwayoyinsa kuma ba dunƙulallu ba ne, saboda haka abin da Grimm ta kira maikiron 2 yana iya zama wajen 3 a wurin Andersen, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu.

Ƙananan na'urori masu araha irin su PurpleAir, waɗanda ake haɗawa da intanet su riƙa aika sakamako zuwa taswira, sun cancanci gargaɗi na musamman. Firikwensin kamfanin Plantower da ke cikinsu yana nuna lambar PM10, amma gwaje-gwajen da aka yi a Finland da Amurka sun tabbatar da cewa kusan ba ya ganin manyan ƙwayoyi, ƙiyasta su yake yi daga ƙananan, kuma a lokacin guguwar ƙura a yammacin Amurka an ga yana ba da adadin da ya gaza na gaskiya ninki da yawa. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce ranar da hazo ya rufe gari har jirage suka kasa sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III, irin wannan na'ura tana iya nuna matsakaicin gurɓata kawai. Tana da amfani wajen bin sawun hayaƙi a unguwanni da yawa a lokaci guda, kuma kuɗinta 'yan ɗaruruwan daloli ne, amma kada a kafa hujja da ita a kan hunturu. Idan aljihu bai kai Grimm ba kuma ana son manyan ƙwayoyi, OPC-N3 ta kamfanin Alphasense, wadda ke ƙirga daga maikiron 0.35 zuwa 40 a gida 24, ta fi PurpleAir cancanta, kodayake tana buƙatar wanda ya iya haɗa mata wuta da ma'ajiyar bayanai, kuma sai an riƙa share ta.

Da za a tambaye ni yadda sashen jami'a ko ofishin muhalli a Sakkwato zai kashe kuɗin da aka ba shi sau ɗaya, zan ce ya fara da sikeli kafin kowace na'urar fili. Duk abin da aka kama a filta sai an auna shi, kuma ƙa'idar Amurka ta PM2.5 ta tanadi sikeli mai gane maikirogiram ɗaya, da ɗakin da aka tsayar da zafinsa tsakanin digiri 20 da 23, laimarsa tsakanin kashi 30 da 40, inda filta za ta kwana awa 24 kafin a auna ta, a farko da kuma bayan an dawo da ita. Sikelin da aka saba gani a ɗakunan gwaje-gwaje na koyarwa, mai tsayawa a kashi ɗaya cikin goma na miligiram, ba zai iya raba ƙurar da ke kan hawa goma ba, domin kuskurensa ya kai nauyin abin da ake nema. Bushewar hunturu tana ƙara wata wahalar, wato filtar Teflon tana tara lantarkin gogayya har allurar sikeli ta ƙi tsayawa, sai an bi ta da abin kashe wannan lantarki. Bayan sikeli sai ma'aunin zuƙar iska, sannan MiniVol guda biyu, sannan na'ura mai lesa guda ɗaya mai kyau wadda za a riƙa ajiye ta kusa da su domin a gyara lambobinta, daban don hunturu, daban don bazara, daban don damina. Impakta mai hawa-hawa ta biyo baya idan akwai saura, kuma a nan Andersen zan zaɓa kafin MOUDI, saboda a ɓangaren manyan ƙwayoyi take da ƙarfi kuma ba ta da shagwaɓa.

Kayan da ke ƙarewa su ne ke kwantar da yawancin na'urori a cikin kabad. Filta da giris da zoben roba da batir duk daga waje ake kawo su, kuma na sha ganin dillali ya kawo na'ura cikin gaggawa, sannan filtocinta su ɗauki watanni har lokacin hazo ya wuce, wanda hakan ke nufin jiran wata shekarar. Ya kamata a sa kayan shekara biyu cikin odar farko, a kuma tambayi mai sayarwa a rubuce inda za a kai na'ura mai lesa idan lokacin sake saita ta ya yi, domin masana'antu sukan ba da shawarar yin hakan shekara-shekara, kuma aika ta waje da dawo da ita kuɗi ne da ba a cika sa shi a kasafi ba.

Wurin kafawa ma yana iya ɓata aikin na'ura mafi tsada. Manyan ƙwayoyi ba sa son kwana, don haka dogon tiyo mai lanƙwasa tsakanin bakin shiga da na'ura yana cinye su kafin su isa ciki, kuma iska mai ƙarfi ta safiyar hunturu tana sauya yawan da ke shiga bakin da ba a ƙera shi don waje ba. A ɗaga bakin shiga aƙalla mita biyu daga daɓen da aka kafa shi, nesa da bango da bishiya, a yi wa na'ura inuwa wadda ba ta tare iska ba. Wanda ke son sanin abin da hamada kaɗai ta kawo ya kafa ɗaya a wajen gari ta arewa maso gabas, inda iskar ba ta riga ta ratsa birni ba, ya kwatanta ta da wata a cikin gari kamar Mabera ko kusa da tashar manyan motoci ta Kwannawa. Idan kuwa dole sai an kunna janareto domin famfo, a ja shi da doguwar waya zuwa kudu maso yamma da na'urar, ta yadda iskar hunturu za ta tafi da hayaƙinsa, a kuma mayar da shi ɗaya gefen idan iskar damina ta juyo a watan Mayu ko Yuni.